Zabi Biyu a Ofishin Hajiya

Zabi biyu Baba ya kama a gidanmu na Tirwun ranar da ya raka ni makarantar kimiyya ta gwamnati, inda nake neman gurbi a aji biyar. Na riga na rubuta jarrabawarsu, saura ganawa da mataimakiyar shugaba. Baba ya ce ba a zuwa wurin babba hannu rabbana.

Muna shiga ya ajiye su gefen teburinta. Suka ɓarke da kuka, malamai suka fara leƙowa ta taga.

Ta daɗe tana kallon zabin, sannan ta ce, "Malam, 'yarka ta ci. Amma yanzu in na ɗauke ta, wa zai yarda da ƙoƙarinta ta ci?"

Baba ya ce, "Hajiya, gaisuwa ce fa."

"Na sani. Ku tafi da su, za mu neme ku."

A keke napep na ce, "Baba, an ɗauke ni ne ko kuwa?"

Ya ce, "Riƙe su da kyau."

Ba a neme mu ba. Har yau ina jin ɗuminsu a cinyata, kuma ban san wanda zan ji haushinsa ba.