Akwatin Ɗumamen Alhaji Dabo

Maccido mai gyaran rediyo ya tsoma ɗan yatsa cikin kofin, ya zare da sauri yana yarfe hannu. Ruwan da ya fitar daga akwatin ɗumamen ya yi zafi har yana tururi. Gyara ya ƙare ke nan, tun rana ba ta ɗaga ba.

Akwatin na Alhaji Dabo ne, ɗan kasuwar da ke safarar kaya tsakanin Illela da Ƙonni. Daga Makka ya zo da shi, wai sunansa maikurowef, na'urar ɗumama abinci da lantarki, kuma duk garin babu na biyunsa. Alhaji ba ya iya haɗiye tuwo mai sanyi, ita kuwa matarsa Hajiya Hadijatu in ta kashe murhu bayan magariba, to sai gobe. Da akwatin ya shigo gida, Alhaji ya sami sakewa. Sai ya sha hirarsa a Ƙonni iya son ransa, ya dawo ya murɗa maɓalli, tuwo ya fito kamar yanzu aka kwashe. Ana cikin wannan daɗi, akwati ya ce ga garinku nan.

Ciwon bai taka kara ya karya ba. Da aka kawo akwatin shago, Maccido ya kwance filogi, ya tarar da gurbin fiyus, ɗan ƙarfen da wuta ke bi ta cikinsa, wayam, ya ce ƙila a hanya ya faɗi. Ya sa sabo, ya jona da janareton maƙwabcinsa mai sayar da ƙanƙara, ya gwada da kofin ruwa.

Da ya mai da kayan mutane ran nan, da an wuce wurin. To amma Maccido gwauro ne, garin rogo da ƙuli-ƙuli sun ishe shi. Da azahar Iya Zuwaira, tsohuwar da ke taya Hajiya aikin gida, ta zo jin labari. Ya haɗe fuska kamar likita.

"Iya, ruwa ba su isa gwaji. Abin abinci, da abinci aka auna ƙarfinai."

Ya zaci zagi zai biyo baya. Sai ga kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe, nama har bisa. Ya ɗumama, ya cinye, ya aika cewa zafin bai kai tsakiya ba tukuna. Kashegari aka kawo dambu. Jibi farfesun kaza. Ko sau ɗaya Hajiya ba ta tambayi ranar gamawa ba.

Kafin wata ya mutu Maccido ya yi kumatu. Wani lokaci tausayin Hajiya yakan kama shi, baiwar Allah marar wayo, amma ƙamshin miya yakan kori tausayin.

Ran kasuwa Alhaji ya faɗo shagon da kansa, ransa a ɓace.

"Maccido, mi kaka jira? In ba ka iyawa in kai shi Sakkwato, in kuma shaida ma kasuwa hannunka ya mutu."

Maccido ya ga abin ya wuce wasa. Ya cika kofi, ya murɗa, ruwa ya tafasa a gaban kowa. Alhaji ya washe baki, aka ɗora akwati a mota. Ranar Maccido ya jiƙa garinsa cikin baƙin ciki, ya ci kamar mai shan magani.

Ko mako ba a rufa ba, sai ga akwati a amalanke, Iya Zuwaira na biye da kwano a ka. Wai ya sake mutuwa. In gyaran Maccido ne ya lalace, Alhaji zai cika alkawari, ko rediyon makiyayi ba mai ƙara kawo masa.

Nan take ya kwance filogin. Gurbin fiyus wayam.

Ya ɗago kai. Iya Zuwaira ta sauke kwanon, ta kwance haɓar zanenta a natse, ta ajiye fiyus biyu a kan tebur.

"Hajiya tac ce ka ci gaba da gwajinka, kak ka yi gaggawa. In dai akwatin ga na wurinka, gida Alhaji shika sallar magariba."