Kwalba ta Tara

Kwalba ta tara ta iso teburin alƙalan gasar giya naɗe da baƙin ƙyalle kamar sauran, don kada a san mai ita, amma tsoho Vendel ya lura da abu guda: maƙwabcinsa Kálmán, wanda tun safe yake hamma a kujerar baya, ya gyara zama.

Shekara ashirin da shida ba sa ga-maciji, tun rigimar layi biyu na inabi a iyakar gonakinsu a gangaren dutsen Somló. Kálmán bai taɓa kawo kwalba gasar tsohuwar farar giya ba sai bana, da Vendel zai yi alƙalancinsa na ƙarshe. Jikin Vendel ya ba shi cewa akwai wata a ƙasa.

Aka tsiyaya giyar a kofuna. Tsufa ya mai da ita ruwan zinariya. Vendel ya juya kofin, ya kai hanci: zuma, busasshiyar ciyawa, ƙamshin baƙin dutse bayan yayyafi. Ya kurɓa. Babu zaƙi ko kaɗan, sai tsami mai rai da ɗan gishiri da ya ƙi barin harshe. Ya sake kurɓa, kamar ya taɓa sanin wannan ɗanɗanon, amma bai tuna a ina ba. Ƙasar da inabin ya fito dai ya gane ta, gangarensu ce. To ta wa ce in ba ta ɓarawon iyakar nan ba? Wato so yake Vendel da bakinsa ya ɗora shi a kan kowa.

"Kawu Vendel, wannan fa ta kai," in ji Zsófi, alƙaliyar da ke gefensa.

Vendel ya tofar a bokiti, ya goge gashin baki, ya ɗaga murya yadda na baya zai ji.

"Ta mutu tuntuni. A jiƙa kokwamba da ita. Wanda ya matsa inabin wannan, gara ya koma noman dankali."

Aka kwashe da dariya. Ba a musu da harshen Vendel, don haka ita ta zo ta ƙarshe.

Da aka zo cire wa kwalabe ƙyalle don a san masu su, Kálmán ya dogaro sandarsa har gaban teburin. Babu fushi a fuskarsa.

"Ba ni na matsa ba, maƙwabci. Kyauta aka ba ni kafin mu ɓata. Ita kaɗai ta rage a dutsen nan, na ga ba ta dace da bakin kowa ba sai naka."

Ya zare ƙyallen. Giyar gidan Vendel ce: a jikin koɗaɗɗiyar takardar da ke manne da kwalbar, da shekarar da sunan, duk rubutun Piroska ne, matar Vendel da aka binne bara.