Tsirkiyar Ragwaye

Tana buɗe jakar na gane jitar. Jar jitar lantarki ce mai tabon ƙuna a wuya, shekara goma sha biyu ina gyara wa mai ita a shagona na Tudun Wada. Matar kuwa ban taɓa ganinta ba.

"Malam, a sassauko da tsirkiyoyin sosai," in ji ta, "yadda ko jariri zai iya danne su. Amma kada su riƙa gogar ƙarafunan wuya suna kukan ƙuda."

Mai jitar nan ya tsani tsirkiya ƙasa-ƙasa, kullum cewa yake ta ragwaye ce. Na saci kallon yatsunta, sumul, ba kanta ko ɗaya irin ta masu kiɗan jita. Ga shi wata huɗu ban ji ɗuriyarsa ba.

"Taki ce, Hajiya?"

"Ta gida ce."

Na ɗauki ɗan makulli ina juya kusoshi a hankali don in ja lokaci. Da ta waiga, na lallaɓa na kira lambarsa.

Wayar ta yi ƙara a ƙofar shago, cikin keke-napep ɗin da ya kawo matar. Na leƙa. Shi ne a zaune, ya rame, baki ya karkace, hannun hagu a dunƙule bisa cinya.

"Maigidana ne," in ji ta daga bayana. "Ya ƙi shigowa. Wai kunyarka yake ji."

Na koma kan benci, na sauke tsirkiyoyin ƙasa fiye da yadda na taɓa yi wa kowa.