'Ya'yan Kyanwar Da Ba Sa Ɓata Shimfiɗa

Gwaggo mai ɗinki ta raini 'ya'ya biyar, duk sun girma sun watse, suka bar ta daga ita sai keken ɗinki sai wata kyanwa mai ruwan toka. Da kyanwar take hira. Ita take kai wa ƙarar masu kawo ɗinki yau su ce jiya suke so. Ranar da mota ta buge kyanwar a bakin titi, Gwaggo ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa, to ai rasuwar ce. Abin da ya rage mata shi ne 'ya'yan kyanwar guda uku a kwandon ƙyallaye, ko ido ba su buɗe ba.

"Ba za ku bi uwarku ba, in Allah ya yarda," ta ce musu. "Ni ce uwarku yanzu."

Ta shimfiɗa musu farin ƙyalle a cikin kwali, ta ajiye kusa da ƙafar keke. Har suna ta raɗa musu: Baƙin, Mai Safa da Auta. Ta dama madarar da take shan shayi da ita, ta zuba a sirinji. Sai ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar rigingine a cinyarta kamar jarirai, tana ɗura musu tana rera waƙar da ita kanta ta manta ta iya. In madara ta fito wa ɗaya ta hanci, sai ta goge ta ce, "Kai, haɗamamme."

Da yamma rana kan ratso labule, ƙurar zare tana yawo a cikin hasken a hankali. A irin lokacin ƙafar Gwaggo kan yi sanyi a kan keke, idonta ya tafi. Sai ta gan su sun girma. Baƙin yana kwance a bakin taga yana kallon masu wucewa, Mai Safa tana bin zare a ƙarƙashin tebur, Auta kuwa ya yi matashi da ƙafarta yana barci. Har motsinsu take ji a ɗakunan da suka daɗe ba kowa. Takan yi murmushi ita kaɗai, allura a tsaye a tsakiyar rigar mutane.

Wata rana ƙanwarta ta zo karɓar ɗinki, ta leƙa kwalin.

"Yaya, cikin nan nasu bai yi yawa ba kuwa? Taɓa ki ji, tauri kamar ƙwallo."

"Ƙoshi ne," in ji Gwaggo. "Ke da ko kaza ba ki taɓa kiwo ta rayu ba."

"To suna kashi dai?"

Gwaggo ta gyara zama, don an zo wurin da take alfahari. "Ai nan suka burge ni. Dubi ƙyallen nan, fari tas tun ranar da na shimfiɗa shi. Ko ɗigon fitsari babu. 'Ya'yan da na haifa ma ba su yi mini wannan kara ba."

"Ni dai da kin nuna wa likitan dabbobi."

"Ni da na yaye biyar, yau za a koya mini raino? Ɗauki rigarki, Allah ya kiyaye hanya."

Kukansu ya ƙaru, ya zama siriri. Gwaggo ta ɗauka yunwa ce, ta ƙara madara. Da safe ta tarar da Baƙin ya yi sanyi. Kafin la'asar Mai Safa ta bi shi. Sai a lokacin ta naɗe Auta a gefen mayafinta ta fita, ko ƙofa ba ta ja ba.

Likitan dabbobin ya taɓa cikin Auta.

"Mama, yaushe rabonsa da bayan gida?"

"Bai taɓa yi ba, ɗana. Mai tsafta ne."

"Ba tsafta ba ce, Mama, bai iya ba ne. Kafin su yi kamar sati uku ba sa iya fitar da komai da kansu. Kin taɓa ganin uwar tana lasar ƙasan cikinsu bayan sun sha nono?"

"Kullum. Na zaci wanka take musu."

"Wannan lasar ce ke sa su yi. In babu uwa, sai a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa musu wurin a hankali duk bayan an ba su abinci. Madarar shayi kuma tana ɓata musu ciki, akwai tasu daban. Rub da ciki ake ba su, in aka kwantar da su rigingine huhu take tafiya." Ya sauke murya. "Na yi abin da zan iya, amma an makara ƙwarai."

Gwaggo ta dawo gida, ta ɗora ruwa. Ta zauna a gaban keke, Auta a tafin hannunta, tana shafa masa audugar kamar yadda aka nuna mata. "Yi mana, Auta," take cewa. "Ɓata mini hannun, ba zan yi faɗa ba." Haka ta yi ta shafawa har ruwan ya huce. Ta daɗe tana yi kafin ta yarda cewa ya daina numfashi.

Jama'a, Gwaggo ba ta rasa ƙauna ba, tambaya ce ta raina. Duk wanda marayan dabba ya faɗo hannunsa, ya nemi masani tun a ranar farko, domin sanin rainon mutum bai isa rainon kowace halitta ba.