Rigar Kyaftin Dewey

Ran 3 ga Satumba 1994 na fara ganin Lorene a filin ƙwallon kwalejinmu a Mississippi. Ina rubuta sakamakon wasa, ita tana jiran Dewey Pruitt, kyaftin ɗinmu. A shekarar muka ci kofi. Ta aure shi, ya rasu a 2016.

Ni aka ɗora wa shirya taron cika shekara talatin da cin kofin. A al'adarmu, matar ɗan wasan da ya rasu kan shiga fili riƙe da rigar wasansa. Na kai mata jerin sunaye har gida.

"Saura ke, Lorene. Da wane suna za a kira ki a lasifika?"

"Kai da takardunka, Alton! Ka manta sunana ne?"

"So nake in aure ki, a kira ki da nawa."

Ta daɗe tana kallon rigar Dewey a jikin bango.

"Mutum arba'in za su zo ganin matar kyaftin. Mahaifiyarsa ma tana kujerar gaba."

"To, bayan taron fa?"

"Bayan wannan akwai na shekara talatin da biyar."

Na rubuta "Matar Dewey Pruitt". Ta shiga fili da rigar, aka yi ta tafi. Har yau tana gidansa, kuma ni nake aika mata katin gayyata.