Fuskar Wanda Ruwa Ya Ci

"Ƙara faɗin goshin, ɗan nan," in ji tsohuwar jakadiya.

Mai zanen ya gyara. Daga makarantar zane ta Zariya aka ɗauko shi zuwa wani gidan sarauta a hayin kogin Wudil, domin ya zana marigayi mai gari, wanda aka ce ruwa ya ci shekarun baya, ƙaninsa ya gaje shi. Ba a ga gawa ba, babu hotonsa, kuma jakadiyar ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi masa hidima. Ƙanin ne yake so a rataye zanen a zaure.

Kullum tana faɗa masa kamannin marigayin, yana zanawa. Ranar da ya gama, ya daɗe yana kallon aikin.

"Iya, wannan ai mahaifina ne. Marini ne a Zariya, bai taɓa gaya mana garinsu ba."

Ta leƙa ƙofa, sannan ta rage murya.

"Ni na manta kamanninsa tuntuni, sai da na gan ka na tuna. Fuskarka nake kallo ina faɗa maka. Tattara kayanka ka haye kogi kafin mai gari na yanzu ya ƙare maka kallo."