Wuyan Maimunat

Rabi mai kitso ce ta fara ba ni wannan labari, kaina na kan cinyarta a ɗakinta na Gawon Nama.

Maimunat malamar makaranta ce a Arkilla. Wata rana tana alwala hannunta ya taɓo ƙullutu a gaban wuyanta. A asibiti aka yi hoto, aka tsira allura aka duba. Likita ya ce maƙoƙo ne, ba ciwon daji ba, ruwa ne ya taru a cikinsa. Ya zuƙe, kumburi ya sace. Ba a jima ba ya sake cika. Aka zuƙe, ya cika. Ta gaji da layi, ta gaji da allura, har loma ta fara tsaya mata. Likita ya ce sai aiki.

Ta ce ba mai sa mata wuƙa a wuya sai da addu'ar uwarta. To, uwar ba ta sani ba.

Tun Maimunat na budurwa ita da uwar ke yi wa juna kitso a Ƙofar Rini, kuma ba a ɓoye wa mai kitso wuya. Shi ya sa ta ɗauke ƙafa, ta koma wajen Rabi. Gaisuwa sai ta waya.

Mijinta Abdulwahabu ya yi fama har ya gaji. "Ke dai ki gaya wa Inna, wannan taurin kan na mine ne?"

"Tsohuwa mai hawan jini? In ta faɗi kai za ka ɗauke ta?"

Abin da ya fi cin ranta, in ji Rabi, tsohuwar ko cigiya ba ta yi ba. Ba ta taɓa cewa "kin daina zuwa" ba. Sai "Allah shi yi albarka," ta kashe waya. Maimunat ta faɗi haka tana share hawaye da bakin zane, wai ashe ba a kewarta. Wawiya.

Rabi ta ƙulle bakin kitsona da ƙarfi. "Ranar aiki ta matso, ita kuwa ta ce ba ta zuwa. Ni dai na gaji, wallahi."

Washegari da hantsi na hau keke napep zuwa Arkilla, na kora jikokina waje, na zauna gaban ɗiyata Maimunat, na cire hijabi, na kama hannunta na ɗora a kan nawa maƙoƙon, wanda ya girmi nata.